Ƙwallon da Na Bar wa Baki Buɗe

Ƙwallon farko da na ɗinka da hannuna, a baibai na ɗinke ta. Gara in faɗa da bakina kafin Iro Mai Shayi ya riga ni, don shi idan ya tashi ba da labarin sai ya zuba masa sukari cokali uku. Maigidana Baba Ilu ne ya ba ni gawar ƙwallo biyu, ya ce in farke su in fitar da rayayya ɗaya, shi kuma ya hau mota ya tafi ɗaurin aure Gumel. Ita fatar ƙwallo ta ciki ake ɗinka ta, kamar yadda tela yake ɗinka riga. Idan an kusa gamawa sai a bar 'yar ƙofa, a juyo ta, a zura bilada, wato robar nan ta ciki mai riƙe iska, sannan a rufe ta waje. Ni kuwa daɗin aiki ya ɗebe ni. Hannuna yana ɗinki, kaina yana wani babban fili mai koriyar ciyawa, mutane sun cika shi har sama suna kiran sunana. Na ci ta uku kenan na sunkuya don in gaida 'yan kallo, sai na ga abin da ke cinyata. Na rufe ƙofar ruf. Ga ƙwallo zagayayya, ɗinkinta duk a waje kamar bayan kada, ga bilada kwance a gefena tana kallona.

Da Baba Ilu ya dawo ya ɗauke ta, ya juya ta nan, ya juya ta can. Ya ɗaura mata zare ya rataye ta a reshen darbejiyar da muke aiki a gindinta, daf da tashar Maigatari, inda duk wanda zai shiga mota sai ya gan ta. Tun daga ranar sunana ya koma Habu Baibai. Har kakata haka take kirana.

Na fara da wannan ne saboda ku, ƙannena na filin bayan firamare, masu zuwa ku tsaya a kaina kuna tare min iska kuna cewa, "Yaya Baibai, ai wannan ko ni zan iya." Shekarata goma sha bakwai, amma a sana'ar nan ni tsoho ne tukuf. Ku dubi kan yatsuna. Sauro ya taɓa sauka a babban yatsana, bakinsa ya lanƙwashe, da ƙafa ya koma gida.

Kayan aikinmu gaba ɗaya suna shiga tsohon gwangwanin madara, ban da famfo da bokiti. Akwai basilla, akwai allura biyu, reza, zaren roba, dunƙulen kakin zuma, sholisho, da guntayen tsohon tif ɗin babur da muke yanka faci. Sabon yaro idan ya zo, abin da yake fara yi shi ne ya wasa allura. Mu kuwa dakusar da ita muke yi a kan dutse, don ba sabon rami ake hudawa ba, tsohon ramin da masu ƙera ta suka bari ake bi, kuma allura mai tsini bilada take nema. Zare sai an ja shi cikin kaki har ya yi santsi ya yi nauyi, in ba haka ba raɓar safe ɗaya ta isa ta sa ɗinki ya yi murmushi. Famfon kuwa ya girme ni, ya girmi yayana. Baba Ilu ya ce daga Damagaram aka kawo shi. Idan ana buga shi kuka yake kamar akuyar da aka sayar da ɗanta, har awakin kasuwa sukan amsa masa.

Akwai wata ƙwallo da aka kawo min daga Gagarawa Tasha a cikin buhun taki. Mai ita ya ce, "Ba wani abu ba ne, sacewa take kaɗan-kaɗan." Na farke ɗinki ɗaya, na zaro bilada, na hura, na danna ta cikin bokiti. Ruwan nan ya tafasa kamar an hura masa wuta. Tsidau ne, ƙayar nan mai yaɗo a ƙasa wadda ko takalmi ba ta jin kunya. Kowane rami sai na yi masa alama da alli, na goge wurin da dutse mai kaushi, na shafa sholisho, na jira ya sha iska har ya daina kama yatsa, sannan na manna faci na danne da gindin kwalba. Kafin in gama, facin ya fi biladar yawa. Amma ina son wannan aiki na bokiti. Sai in yi tagumi ina kallon kumfar tana tasowa ɗaya bayan ɗaya, ina tunanin wace iska ce wannan, ta wane gari, wa ya hura ta, kuma ina za ta yanzu da na sake ta.

Wani abin da ba ku sani ba, kowace ƙwallo da yashi a cikinta. Ta ramukan ɗinki yake shiga, ya zauna tsakanin fata da bilada, ya yi ta yawo da ita. Idan na farke sai ya zubo a cinyata. Na Ɗanzomo ja ne, na Sule Tankarkar ya fi laushi, na Gumel har da ƙanshin man mota. Ina zuba su wuri ɗaya a gindin bishiya. Lissafina shi ne kafin in yi aure zan tara filin ƙwallo nawa na kaina, wanda kowane gari yake da ƙasa a ciki, don kada kowa ya ce a waje aka ci shi.

Duk wannan wasa ne idan aka zo rufe baki. Nan ne ake gane mai sana'a. Ka mayar da bilada, ka daidaita cibiyarta, wato ramin hura iska, sai ka ɗauki allura biyu ka bi ramuka ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, amma ba ka jan zaren, barinsa kake sako-sako kamar igiyar takalmin da ba a ɗaure ba. Sai ka kai ƙarshe, sannan ka koma farko da basilla kana jan kowane zare ɗaya-ɗaya har bakin ya haɗe, ka ƙulla, ka tura ƙullin ciki ya ɓace. Hannunka ya yi rawa kaɗan, basilla ta shige, sai ka ji "fiiii", aikin yini ya fita ta hancinka. Saboda haka Baba Ilu yake da doka ɗaya da ba ya sassautawa. Wanda ya buɗe ƙwallo shi zai rufe ta, shi kuma zai kai ta hannun mai ita, don idan ta sace a hanya a san kunnen da za a ja.

Babbar mai zuwa asibitinmu ita ce Hajiya. Ƙwallon ƙungiyar unguwarmu ce, Shaho. Alhaji Sabo mai tirela ne ya kawo ta tsaraba shekarar da ya sauke farali, shi ya sa ake kiranta haka, kuma ba a zama a kanta. Shaho ba ta da ofis, ba ta da hatimi, ba ta da ko kujera. Tun kafin a haife ni tsarin ɗaya ne, koci shi ne mutumin da ƙwallon ƙungiya take kwana a gidansa. Hajiya kuwa tun zuwanta ba ta san wani gida ba sai na Koci Ɗanjuma.

Ku kun san shi yanzu da furfura, amma haka yake tun da, siriri, gwiwa ɗaya ba ta lanƙwasuwa, usur a wuya ko a shagonsa na ɗinkin kaya. Duk wani mai gemu a unguwar nan da ya iya tare ƙwallo da ƙirji, ta hannunsa ya bi. Idan na gyara Hajiya ba ya yarda in hura ta a bayan idonsa. Sai ya zo ya zauna, ina buga famfo yana danna ta da babban yatsa. Idan ta kai inda yatsan yake ɗan lotsawa kamar an taɓa mangwaron da ya kusa nuna, sai ya ɗaga hannu.

"Ya isa. Rabin yarana ba su da takalmi."

Na yi wannan da shi har hannuna ya haddace. Ko da ido rufe na san bugun da zan tsaya.

Sai muguwar shekara ta zo. Damina ta yi kyau, manoma suna murna, tsidau ma yana murna, ya shimfiɗe filaye kamar tabarma. Na ɗauka kakarmu ta yanke saƙa, a'a, na ɗauka dai aiki zai yi mana yawa. Ashe a shekarar ne wasu ƙwallaye masu sheƙi suka cika kasuwar Alhamis, waɗanda ba ɗinki a jikinsu ko ɗaya, da gam aka manne su. Ba su da ramin da allura za ta bi. Idan sun fashe sai a yar, a sayi wata. Ni da Baba Ilu muka koma ɗinkin silifa. Mutum kamar ni, likitan Hajiya, ina zaune ina lallashin hancin silifar wani ɗan kamasho.

Shaho kuma a shekarar ta manta yadda ake cin wasa. Da muka je Ɗanzomo, yaransu daga gona suka zo, suka jingine fartanya, suka ci mu, suka koma noma. A Gumel sai da alƙalin wasa ya ƙare yatsunsa ya ari na mai ɗaga tuta. Filinmu ba raga, bayan gola gonar gero ce, golanmu ya yi ta shiga ɗauko ƙwallo har mai gonar ya fara ba shi kason girbi. Ana cikin haka Nura ya dawo daga Damagaram inda ya ɗan buga wasa. Ya zo da rigar 'yan wasa mai zif wadda ba ya cirewa ko rana tana narka kwalta, da waya cike da zane-zanen kibiyoyi, kuma ƙwallo ta koma "balo" a bakinsa. Aka sa masa Nura Faransi.

A Sule Tankarkar aka ƙure mu. An ci mu, kuma Hajiya ta faɗa kan aduwa ta fashe. Washegari da safe aka kawo min ita a sace kamar hular da aka zauna a kai, na sa reza na farke mata baki. Teburin Iro Mai Shayi yana jingine da bishiyarmu, don haka duk wani taron magoya bayan Shaho a kaina ake yin sa. Ranar kuwa benci bai isa ba.

"Ni dai na gaji," in ji Alhaji Sabo, yana kaɗa makullin mota. "Na kai kaya har Agadas, a can ma wani ya leƙo ta taga ya ce, Alhaji, ku ne aka yi wa wanka a Gumel?"

"Alhaji, Allah ya ba ka haƙuri," in ji Iro yana ɗaga shayi sama, "Koci ne ya zubar da fenareti jiya? Ɗanka ne ya buga ta. Sai da ta tsallaka iyaka, jandarma suka tare ta suna tambayar takarda."

"Kada ka sa ɗana a maganar nan."

"Ai ba ni na sa shi ba. Koci ne yake sa shi, don kunyarka."

Aka kwashe da dariya, har Alhajin ya kusa yi, ya haɗiye.

"Ku yi ta dariya. Zamani ya wuce mutumin nan. Shekara nawa ba mu ji komai a bakin fili sai, ku ba na kusa da ku, ku ba na kusa da ku? Na kusa da mu kullum abokin gaba ne! Nura yana da tsari, ku duba wayarsa."

"Wayar ce za ta sa takalmi ta shiga?" in ji Iro.

Wani ɗan acaɓa da ya taɓa buga wa Shaho baya ya kashe mashin ɗinsa ya ce, "Iro, tsakani da Allah, Koci ubanmu ne, ni shi ya saya min kambas na farko. Amma ya daina ganin ɗaya gefen fili. Jiya ya yi ta ihu, Musa dawo baya, Musa dawo baya. Musa yana Legas tun ƙaramar sallah."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya sosai. Iro ya goge teburin da ba abin da ya zuba a kai.

Nura yana can ƙarshen benci yana gumi cikin rigarsa. Aka ce ya yi magana. Ya ce, "Ni ban nema ba. Koci ne ya koya min taka balo. In kun ba ni, dakor. In ba ku ba ni ba, dakor." Wai "na yarda" ke nan da Faransanci.

Haka aka yi ta yi safe da yamma. Wanda ya kwana yana bayan Koci sai ya tashi yana bayan Nura, ya sha shayi ya sake komawa. Wasu suka ce a haɗa su biyu, aka ce Hajiya ba ta kwana gida biyu. Har masu raƙuma da ba su san Shaho ba sai da aka tambaye su ra'ayi. A ƙarshe dai ɓangaren Alhaji ya fi yawa, kowa ya ga haka, har Iro. Sai aka zo kan wanda zai je ya faɗa wa Koci. Nan fa kowa ya gano yana da takalmi, ya sunkuya yana kallonsa. Alhaji ya ce yana da lodi zuwa Kano. Ɗan acaɓa ya ce mashin ɗinsa ba ya shiga wannan layin. Wani ya ce surukinsa ne ta wajen kaka. Ana cikin wannan idon Alhaji ya sauka a cinyata.

"Baibai. Idan ka rufe ta, gidan Nura za ka kai ta. Shi kenan, ba sai an yi magana ba."

"Ka kai ta inda ka saba," in ji Iro, "ko kuma ka nemi mai ba ka ƙasan tukunya."

Na juya wajen maigidana. "Baba?"

Bai ɗago daga silifar da yake ɗinki ba. "Wa ya buɗe ta?"

"Ni ne."

"To."

Facin Hajiya aikin rabin yini ne, kuma na gama shi tun kafin azahar. Na mayar da bilada, na daidaita cibiya, na bi ramuka da allura biyu, na bar zaren sako-sako. Sai na tsaya. Na lura da wani abu da duk manyan nan ba su lura da shi ba. Muddin bakin nan yana buɗe, Hajiya tana asibiti, ba ta gidan kowa, ba a kori kowa ba, ba a naɗa kowa ba.

Alhaji ya zo da yamma. Na ce sholisho bai bushe ba. Ya dawo washegari, na ce zaren da ya dace da ita sai an kawo daga Kano. Ya ce daga Kano yake, me ya sa ban faɗa ba. Na ce ba wannan Kanon ba, can ciki. Rana ta gaba na ce basilla ta kwana a raɓa, ba ta jin daɗi. Iro kuwa ya fara zuba min madara ba tare da na roƙa ba. Baba Ilu yana ji, yana ɗinkin silifa.

A kwanakin nan na fi kowa zama da Hajiya. Idan rana ta take, tasha ta yi shiru, sai in ɗora ta a cinya in leƙa ta bakin. Ciki duhu ne da sanyi, da ƙanshin roba da na tsohon yashi. Sai in ga kamar idan na hura ta sosai za ta ɗaga ni, mu wuce kan darbejiya, mu wuce kan tireloli da garken raƙuma, mu ga filayen Gagarawa da Ɗanzomo sun zama ƙanana kamar faifai, kowanne da yaransa suna bin abu ɗaya, kuma daga can sama ba a gane wanda aka ci. Wata rana na ga na ɗinka Hajiya biyu iri ɗaya sak, ɗaya na kai nan ɗaya na kai can, aka yi ta zama lafiya har abada. Hon ɗin mota ne ya tashe ni, na tarar na ɗinke silifar wani da bakin wandona.

Su kuwa 'yan wasa ba su da abin atisaye. Alhaji ya sayo musu mai sheƙi, ta yi yamma ɗaya a filin tsidau ta ɓare kamar albasa. Suka koma zagaye fili da gudu, Koci yana gefe ɗaya yana hura usur, Nura yana ɗaya gefen yana duba waya, yara ba su san wanda za su kalla ba. Ga shi ranar Juma'a yaran Ɗanzomo za su zo ramuwar ziyara, kuma kun san al'ada, mai masauki ne yake fito da ƙwallo. A ci ka a gida abu ne da aka saba, amma baƙi su zo ka ce ba ka da ƙwallo, wannan har jikoki sai sun ji.

Ranar Alhamis bayan la'asar, kasuwa ta fara watsewa, ana ɗora shanu a mota, na hango tafiyar nan ta gwiwa ɗaya tana nufo mu. Iro ya tsunduma wanke kofunan da ya riga ya wanke. Alhaji Sabo, wanda ya ce yana Kano, ya tashi daga benci ya shige bayan wata tirela, amma ana ganin takalmansa ta ƙasa.

Koci ya gaisa da Baba Ilu, gaisuwa mai tsawo, gida da iyali da gajiya da kasuwa. Sannan ya zauna kusa da ni ya miƙo hannu. Na ba shi Hajiya. Bai kawo ta kusa da ido ba, da yatsu ya bi ɗinkin har ya isa bakin, ya taɓa zaren da ke sako-sako.

"Habu." Shi kaɗai ne yake kirana haka. "Me ya same ta?"

"Zare ne, Koci. Babu irin nata."

Ya sunkuya ya ɗauko ƙullin zaren da ke kusa da ƙafata. "Wannan fa?"

"Wannan... bai huce ba."

"Rufe ta. Gobe muna da baƙi."

Na ɗauki basilla. Ban taɓa jan zare a hankali kamar ranar ba, kowane ɗaya sai na gaishe shi. Shi kuwa Koci ya jingina da bishiya yana ba Baba Ilu labarin da, lokacin da suke yara, yadda suke zuwa wajen mahauta su roƙi mafitsarar sa, su hura ta da karan gero, su naɗe ta da tsumma. Ya ce karnuka sun fi mutane zuwa kallon wasansu, kuma duk wanda ya ci ƙwallo sai ya yi gudu biyu, na murna da na tsira. Baba Ilu ya yi dariya, abin da ban taɓa gani ba, na ɗauka tari ne. Koci ya ce filin nasu yana inda tashar nan take yanzu, gola ɗaya wannan darbejiyar ce tana ƙarama. Na ɗaga kai na dubi bishiyar. Baibai ɗina tana lilo a reshe, rana ta ƙone ta ta yi fari.

Zare ya ƙare. Na ƙulla, na tura ƙullin ciki. Na sa famfo a cibiya na fara bugawa, shi kuma ya ɗora babban yatsa. Akuyar famfo ta yi ta kuka. Da na kai bugun da hannuna ya sani, na tsaya.

"Ƙara," in ji shi.

Na ƙara biyu.

"Ƙara."

"Koci, ta kai fa. Ƙafar yara..."

"Yanzu duk suna da takalmi, Sabo ya saya musu. Ƙara. Nura da tauri yake son ta."

Iro ya daina wanke kofi. Na ci gaba da bugawa har Hajiya ta miƙe ta yi ƙyam, duk wata tamoji ta fita daga jikinta. Koci ya danna, yatsa bai shiga ba. Ya ƙwanƙwasa ta, ta amsa kamar ƙofar ƙarfe. Ya ɗora min ita a hannu biyu.

"Ka san gidan. Ta ƙofar shagona za ka bi, kada ka zagaya ta lungu kamar wanda ya sato kaza. Usur kuwa nawa ne, ka ce ya sayi nasa."

Ya miƙe, ya dafa bishiya, ya ɗaga murya ba tare da ya juya ba. "Sabo, fito, na ga takalmanka. Idona bai mutu duka ba." Alhaji ya fito yana gyara hula, babban mutum da shi, ya durƙusa har ƙasa. "Ka faɗa wa ɗanka ya dinga sunkuyar da kai idan zai buga fenareti. Ni kunyarka ta hana ni faɗa masa da ƙarfi."

"To, Koci. Allah ya saka da alheri, Koci."

Sai Koci ya nuna sama. "Ilu, waccan ta wane ne?"

"Ga mai ita nan."

"Habu, idan ka dawo ka sauko da ita, ka farke ka juyo ta. Akwai wasu yara a bayan firamare, ledar burodi suke ƙullawa suna bugawa."

Na bi ta tsakiyar titi da Hajiya a kai kamar mai tallan fura. Na wuce ƙofar shagon Koci, yaran shagon suka tsayar da keken ɗinki suka bi ni da ido. Na sami Nura a ƙofar gida. Ya karɓe ta da hannu biyu, ya danna ta, ya ji taurinta, ya dube ni. Ya tambaya wa ya hura ta haka, na faɗa masa. Ya daɗe yana riƙe da ita, kuma ko kalma ɗaya ta Faransanci ba ta fito ba.

Ranar Juma'a aka yi wasan, yaran Ɗanzomo suka ci mu ɗaya da nema. Nura ne kocin Shaho har yau, kuma Alhaji Sabo ya fara cewa wayar ce ta tsufa. Baibai na sauko da ita ranar Asabar, na farke, na juyo ta, na zura mata biladar Gagarawa mai faci, wadda mai ita ya bar mana da ya sayi sabuwa, na rufe. Ita ce wadda kuke bugawa kowace yamma a bayan firamare, Koci Ɗanjuma yana tsaye da usur ɗinsa. Idan kun kawo ta gyara, da laushi nake hura ta.